Yadda ake fitar da alƙibla da kamfas a Kaduna ba tare da ƙarfen gida ya ruɗa ka ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar ina ne daidai alƙibla ta yi yawa, musamman daga masu sabon gini a Rigachikun da Millennium City da can cikin Rigasa, da kuma waɗanda suka tare a gidan haya. Wani ya ce wayarsa na nuna alƙibla nan, ta maiɗakinsa na nuna can, to wacce za su bi? Wani kuma ya ce a falo kibiyar tana kallon taga, da ya shiga uwar ɗaki sai ta juya ta kalli bango. Mafi yawan lokaci wayoyin lafiyarsu ƙalau, wurin da ake tsayawa a yi awon shi ne matsalar, kuma a kansa zan fi tsayawa, don in wurin awo ya ɓaci ko kamfas ɗin injiniya aka ba ka ƙarya zai yi maka.

Abu ɗaya kawai nake so ka riƙe kafin mu shiga matakan. Kamfas bai san Makka ba, bai ma san arewa ba. Allurar cikinsa ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, wato mayen ƙarfe, tana daidaita kanta ne da jan maganaɗisun da ya fi ƙarfi a inda take. Duniyar nan da muke kai ita kanta babban maganaɗisu ce, saboda narkakken ƙarfen da ke motsi a cikinta, kusan kilomita 2,900 a ƙarƙashin ƙafarmu, shi ke haifar da wannan jan. Amma duk girmansa, kafin ya iso nan sama ya yi rauni sosai, maganaɗisun bayan tsohuwar sifika in ka kusanto da shi ya ninka shi ɗaruruwa. Kaga kenan ƙofar ƙarfe ko rodin cikin ginshiƙi ba sai sun sha wahala ba wajen janye allurar.

1. Haɗa kayan aiki

Kusan komai yana gidanka. Kana buƙatar tef irin na magina, zare mai tsayi ko igiyar birkila, 'yan turakun itace guda uku zuwa huɗu, alli ko gawayi, sanda miƙaƙƙiya mai tsayin mita 1, da agogon da ya yi daidai, na waya ya wadatar in yana ɗaukar lokaci daga netwok. In akwai ɗan makaranta a gidan ka ari abin auna kusurwan nan mai rabin da'ira da ke cikin set ɗinsa na lissafi, in babu ma ba komai, zan nuna yadda tef da sukwayar magina za su yi aikin.

Sai shi kamfas ɗin. Ko dai na waya, ko na hannu da ake samu a shagunan littattafai da kayan makaranta da wajen masu sayar da carbi da darduma a Kasuwar Sheikh Gumi, ko kuma ka haɗa naka da allurar ɗinki. Na waya da na allura kyauta ne, na hannu kaɗai za ka saya, kuma tunda farashi kullum motsi yake ka taya a shago biyu uku tukuna. Ka zaɓi wanda allurarsa ke cikin ruwa, ya fi saurin tsayawa. Ka gwada shi tun a shagon, ka kusanto da makulli allurar ta kauce, ka janye makullin, in ta koma daidai inda take da farko lafiya lau, in kuwa kowane karo wuri daban take tsayawa to tana maƙalewa, ajiye musu kayansu.

Gargaɗi a nan: ɗan kamfas ɗin da ke liƙe a jikin darduma, irin tsarabar alhazai, yawancinsu lambobinsu ba na digiri ba ne, wani daga 0 zuwa 40 yake, wani zuwa 400, kuma da ɗan littafin garuruwa yake zuwa. Lambar da zan bayar a ƙasa ba za ta yi aiki a kansa ba. Ka duba fuskar kamfas ɗinka, in zagayen ya ƙare a 360 to muna tare.

2. Riƙe lambar garinka

Daga garin Kaduna alƙibla tana tsakanin digiri 66 da 67 daga arewa, in ka juya ta hannun dama. Ka riƙe 67 shikenan. Zariya ma 67 ce, Kafanchan da Abuja wajen 65, Kano 68. Cikin garin Kaduna kuwa daga Kawo har Kakuri lamba ɗaya ce, ba sai kowace unguwa ta nemi tata ba.

Ma'anar lambar a aikace ita ce, gabas sak digiri 90 ce, saboda haka in ka fuskanci gabas sai ka karkata hagu, wato wajen arewa, da kimanin digiri 23. Wannan karkatar ba ƙarama ba ce. Wanda ya miƙe gabas sak daga Kaduna ƙasar Habasha zai dosa, wajen Addis Ababa, ba Makka ba. Tsakaninmu da Makka ya haura kilomita 3,600, a irin wannan nisan kuskuren digiri 1 kacal yana kautar da kai kusan kilomita 60.

Kuskuren da na fi gani shi ne bin mafitar rana. Rana ba wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne take fitowa gabas sak. A ƙarshen Yuni tana fitowa a wajen digiri 66, wato mu a Kaduna Allah ya yi mana gata, a wannan lokacin mafitar rana kusan ita ce alƙiblarmu. Amma a Disamba cikin hunturu tana komawa wajen digiri 114, tazarar kusan digiri 47 kenan daga alƙibla. To wanda ya tare a gida watan Disamba ya leƙa da asuba ya ga inda gari ya yi ja ya shimfiɗa darduma, kaga inda ya dosa.

Akwai kuma zancen bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya, wasu sun karanta shi a intanet ya tsorata su. Gaskiya ne arewar maganaɗisu ba a tsaye take ba, a 1831 a arewacin Kanada aka same ta, yanzu ta yi nisa tana tafiya wajen Saiberiya ta Rasha, shi ya sa hukumomin Amurka da Birtaniya masu kula da taswirar maganaɗisun duniya suke sabunta ta duk shekara 5, ta baya-bayan nan ta fito a Disamba 2024. A wasu ƙasashen bambancin yana haura digiri 10, dole a yi lissafinsa. Mu nan Kaduna a 'yan shekarun nan bai kai digiri 2 ba, don haka kar ka ba kanka ciwon kai da shi, ƙofar gidanka ta fi shi ɓata awo nesa ba kusa ba.

3. Zaɓi wurin awo, nan ne aikin yake

Kar ka auna a cikin ɗaki. Zan maimaita, don Allah kar ka auna a cikin ɗaki. Ginin zamani cike yake da ƙarfe, rodi a ginshiƙi, rodi a lintel, rodi a kankaren rufi in bene ne, ga ƙarfen taga, ga ƙofa, ga fanka a sama. Wasu rodin ma da kansu sun zama maganaɗisu tun wajen yanka da walda. Shi ya sa kibiya take nuna wani wuri a falo, wani wuri a uwar ɗaki.

Fita tsakar gida ko fili, ka ba get da mota da keke napep da mashin da tankin ƙarfe tazara ta aƙalla taku 10, in fili ya samu ka ƙara. Janareta, inbata da batiran sola, da wayoyin wuta masu kauri su ma ka nisance su, tunda wutar da ke gudu a waya ita ma tana haifar da maganaɗisu. Taransfoma da manyan turakun wuta da layin dogo, kamar masu zama kusa da tashar Rigasa, su sai ka ba su tazara mai yawa sosai. A masallaci kuwa babban mai ɓata awo shi ne sifika da amfilifaya, kuma abin haushi daidai wajen mihrabi ake jibge su, inda kowa ke zuwa ya ɗora wayarsa ya ce zai gwada.

Sai jikinka. Cire makullai daga aljihu, agogon ƙarfe, abin sauraren kunne, da wata wayar in biyu gare ka. Zoben azurfa ko zinare ba matsala, haka alminiyam da tagulla da roba da katako, maganaɗisu ba ruwansa da su. Rufin kwano na da, wanda yake tsatsa, ƙarfe ne yana ja, dogon rufin alminiyam ba ya ja. In kana shakkar wani abu ka ɗora masa maganaɗisu, ya liƙe to ka nisance shi, amma ka mayar da maganaɗisun cikin gida kafin ka fara awo.

Ta ya za ka gane wurin ya yi? Ja zare miƙe tsakanin turaku biyu, tsayin kamar mita 5. Ɗora gefen kamfas a jikin zaren a wannan bakin ka karanta lambar, je tsakiya ka karanta, je ɗaya bakin ka karanta. Zaren bai motsa ba, saboda haka lambar ma bai kamata ta canza ba. In ta canza da fiye da digiri 2 ko 3 akwai ƙarfe a kusa, wataƙila ma a binne, tsohon bututun ruwa ko murfin sokawe mai rodi, sai ka canza wuri. Wannan gwajin minti biyar ne amma shi ke raba awon kirki da na jeka-na-yi-ka. Kuma turakun su zama na itace, kar ka kafa guntun rodi ka zo kana ɗora kamfas a gindinsa, magina sun saba yin haka saboda shi ne a kusa da hannu.

4. In waya za ka yi amfani da ita

Da farko ka tabbatar wayar tana da na'urar jin maganaɗisu a cikinta, don wasu wayoyi masu araha ba a saka musu ba, manhajar alƙibla za ta buɗe maka hoton Ka'aba mai kyau amma kibiyar ba za ta motsa ba ko ta riƙa yawo yadda ta ga dama. Buɗe Google Maps ka juya a tsaye, in hasken da ke fita daga shuɗin ɗigon nan yana juyawa tare da kai to akwai.

Cire gidan wayar, musamman mai murfin nan da yake rufe kansa da kansa ɗas, maganaɗisu ne a ciki, haka ƙarfen da ake liƙawa a bayan waya don maƙala ta a mota. Cire caja, cire fawa bank. Kunna lokeshin don manhajar ta san a Kaduna kake, sai ka duba lambar da ta rubuta, in ka ga 66 ko 67 daidai ne, in ka ga wata lamba can daban to har yanzu tana ganin kana garin da ka baro.

Sai saita ta. Riƙe wayar ka zana lamba 8 da ita a iska, kana juya wuyan hannu yadda fuskarta za ta kalli sama da ƙasa da gefe, ka yi haka 'yan lokuta. A waje za ka yi wannan saitin, a wurin da ka gwada da zare, don in ka saita ta a gefen firij to da ƙaryar firij ɗin za ta fita. Daga nan ka kwantar da ita a tafin hannu ko kan kujerar roba, kar ta karkace, ka jira kibiyar ta natsu.

Wasu manhajojin kamfas suna nuna ƙarfin maganaɗisun wurin da lamba, a ma'aunin da ake kira maikurotesla. A faɗin duniya lambar tana tsakanin 25 da 65, a yankinmu wajen 30 da 'yan kai ce. In kana tsaye ka ga 70 ko 100 ba sai an faɗa maka ba, akwai ƙarfe a kusa. Ka gwada matsowa da wayar jikin get a hankali ka ga yadda lambar ke hawa, daga ranar ba za ka ƙara auna alƙibla a cikin ɗaki ba.

In da hali ka haɗa waya biyu ko uku, amma kar a jera su waje ɗaya, kowacce akwai maganaɗisu a sifikarta, za su ja juna. Ɗaya bayan ɗaya, a wuri ɗaya, sauran suna nesa.

5. In kamfas na hannu ne, ko na allura

Na hannu ba wuya. Kwantar da shi, jira allura ta tsaya, juya jikinsa har alamar arewa, wato sifili, ta zo ƙarƙashin jan bakin allurar, sai ka nemi 67 a zagayen. Layin da ya taso daga tsakiyar kamfas ya bi ta kan 67 shi ne alƙibla. Ka kula, ta dama ake ƙirgawa, wanda ya ƙirga ta hagu arewa maso yamma zai kalla. Kar kuma ka ajiye kamfas a durowa ɗaya da sifika ko wani maganaɗisu mai ƙarfi, yana iya juya masa kai gaba ɗaya jan bakin ya koma nuna kudu, don haka kafin awo ka tabbatar da safe in ka fuskanci inda jan bakin ya nuna rana tana hannun damanka.

Wanda ba shi da ko ɗaya ga yadda ake haɗawa. Samo allurar ɗinki, da maganaɗisu, masu gyaran rediyo suna da na matattun sifiku, a Panteka ma ba a rasa shi wajen masu tsofaffin kaya. Riƙe allurar ta wajen kafarta, ka goga ta a gefe ɗaya na maganaɗisun daga kafa zuwa tsini, ka ɗaga hannu sama, ka dawo ka sake daga kafa zuwa tsini, kamar sau 40 zuwa 50. Kar ka riƙa kai da komo kamar mai wasa wuƙa, hanya ɗaya kawai. Gwada ta da wata allurar, in ta ɗauke ta to ta kama.

Zuba ruwa a kwanon roba ko na tangaran, ban da kwanon silba ko na samira mai ƙarfe a ciki. Yanki ɗan guntun farin soson nan da ke zuwa a kwalin talabijin, ko ganyen mangwaro ƙarami, ka ɗora allurar a kai ka sa a tsakiyar ruwan. Za ka ga ta yi ɗan lilo hagu da dama, sannan a hankali ta tsaya cak, in ka ture ta da tsinke ta sake dawowa wurin. Ta kwanta kenan a layin arewa da kudu. Wane baki ne arewa, rana ce za ta gaya maka kamar yadda na faɗa a sama. Ka kare kwanon daga iska, kar kuma ka bari soson ya liƙe a bakin kwano. Wani abin daɗi shi ne Kaduna tana kusa da layin da jan maganaɗisun duniya yake tafiya a kwance, ba ya nutsa ƙasa kamar a Turai, shi ya sa allura take zama daram a wajenmu ba ta dungura kai.

Maganaɗisun da ka goga da shi ka kai shi can cikin gida kafin ka duba kwanon. Ka nisanta shi da katin ATM, da duk wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya. Ƙananan maganaɗisu masu sheƙin nan masu ƙarfin tsiya kuma don girman Allah a ɓoye wa yara, in yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanjinsa ta ciki, sai tiyata.

6. Ja layin a ƙasa

Awon da ya tsaya a fuskar waya ba a gama shi ba, sai ya sauka ƙasa. Kafa turke na farko, ja zare zuwa inda 67 ta nuna, kafa na biyu. Sai ka zagaya ka tsaya a turke na biyu ka auno na farko, ya kamata ka ga 247. In ka samu haka to awonka ya zauna.

Mai kamfas ɗin allura da ba shi da lambobi ga hanyar tef, kuma ni na fi yarda da ita ko da akwai lambobin, don ƙaramin zagayen kamfas yana da wuyar karantawa daidai. Ja layin arewa da kudu yadda allura ta nuna. Da sukwayar magina ka fitar da layin gabas daga jikinsa. Daga mahaɗar layukan auna santimita 100 zuwa gabas, daga nan ka auna santimita 43 zuwa arewa, ka sa alama. Zaren da ya tashi daga mahaɗar ya bi ta kan alamar shi ne alƙiblar Kaduna. In fili ne babba ka faɗaɗa, mita 3 gabas da santimita 130 arewa, ko mita 10 gabas da mita 4 da santimita 33 arewa, iya girman awon iya raguwar kuskure. Sahu kuma yana gicciye wannan layin ne, a sake sa sukwaya a fitar da shi.

Mai sabon gini ya yi wannan tun fili yana fili, kafin tifa ta sauke rodi, kafin a haƙa tushe. A lokacin ne ma za ka tsara inda banɗaki zai kalla yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba, gyaran wannan bayan an yi tayil kuɗi ne mai yawa.

7. Tabbatar da rana

Rana ba ruwanta da rodi, saboda haka ita ce alƙalin da zai raba gardama. Sau biyu a shekara tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27 na safe. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Kar ka kalli ƙwayar ranar, inuwa za ka bi. Kafa sanda a ƙasa mai laushi da ta daidaita, ko mafi kyau ka ɗaura dutse a zare ka rataya shi ya daina lilo, tunda zare mai nauyi ba ya karkata, sanda kuwa tana yi. Lokaci na cika ka sa alama biyu a kan inuwar ka haɗa su da layi. Sandar mita 1 inuwarta za ta kai wajen santimita 65. Ka tsaya a ƙarshen inuwar ka kalli gindin sandar, nan ce alƙibla. Ka lura da kyau, inuwar baya take nunawa, kar ka bi ta.

Matsalarmu ita ce duka ranakun cikin damina suke, hadari na iya rufe rana. In haka ta faru, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta a daidai wannan lokacin ma ya yi, bambancin ba wani abu ba ne. Ka sa ƙararrawa a waya tun yanzu, ka shirya zaren tun goma saura.

Wanda ba zai iya jiran Mayu ba akwai hanyar kowace rana. Kafa sandar a miƙe, ƙarfe 10 na safe ka sa alama a ƙarshen inuwarta. Ɗaura zare a gindin sandar ka zana da'ira mai faɗin wannan inuwar. Inuwa za ta gajarce, ta sake tsawo, wajen ƙarfe 3 na yamma bakinta zai sake taɓa da'irar, ka sa alama ta biyu. Haɗa alamomin nan biyu, wannan shi ne layin gabas da yamma na gaskiya, ta safe ce yamma, ta yamma ce gabas. Daga nan sai awon 100 da 43 na mataki na 6. Kar ka dogara da zancen cewa inuwar tsakar rana arewa take nunawa, a Kaduna daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kudu take faɗawa, kuma tsakar ranarmu ma wajen 12:30 take ba 12 daidai ba.

8. Shigar da layin cikin ɗaki

Tunda mun ce ba a awo a ciki, da tef za a shigo da shi. Ja zaren alƙiblar har ya taɓa bangon ɗakin ta waje. Daga inda ya taɓa auna mita 1 a jikin bangon, sannan ka auna daga nan zuwa zaren a miƙe, ka rubuta santimita nawa ne da kuma ɓangaren da ya karkata. Shiga ciki ka maimaita wannan awon a jikin bangon nan ɗin dai. Sa alama da tef mai gam ko ɗan fenti a gindin bango. In gidan tayil ne ka ƙirga, misali tayil kaza gaba kaza gefe, kowa a gidan zai riƙe, har baƙo in ya zo nuna masa kawai za a yi. In ƙofa ko taga tana shigo da hasken safe, ranar 28 ga Mayu ka rataya zaren a bakinta inuwar ta faɗo tsakar ɗakin, ka ga ko ta hau kan alamarka.

9. In awonka ya saɓa da masallacin unguwa

Kar ka tashi bayan sallar magariba ka ɗaga waya ka ce shekara da shekaru ba a kallon alƙibla, wannan fitina ce, kuma sau da yawa wayar ce sifikar masallacin ta ruɗa. Malamai sun yi bayani cewa wanda yake nesa da Makka fuskantar sashen da Ka'aba take ake nema a wurinsa, 'yar karkata kaɗan ba ta ɓata salla, hukuncin abin da ya wuce haka kuma nasu ne, a tambaye su. In ka yi gwajin zare a waje, ka tabbatar da inuwa, kuma ka ga tazarar tana da yawa, ka samu malam liman shi kaɗai cikin ladabi ka ce Allah gafarta malam ga abin da na gani, ko za a sa rana a duba tare da 'yan kwamiti. Ka ba da shawarar 28 ga Mayu ko 16 ga Yuli, kowa ya fito harabar masallaci ya ga inuwar da idonsa. In ta tabbata akwai gyara ba sai an taɓa gini ba, layin sahu kawai za a sake ja da fenti ko a karkata kafet, a fara daga wurin tsayuwar liman sannan a bi da sauran sahun baya.